Tabon da Na Goge

…kuma wai ƙarfe biyu zai dawo. Ƙarfe biyu, Auta. Kawunki mai walda, ƙanin mamanki, da hannuwan nan nasa masu warin ƙonannen ƙarfe, ya dafa mini teburi yana cewa, “Yaya, kwafi goma kawai, manya-manya, yadda fuskar za ta fito sosai.” Sai ka ce mai neman hoton biki. Goma… me za a yi da goma? Ɗaya bai isa a nemo tsohuwa guda a kashe ba?

Sha biyu da kwata yanzu. Na kulle shagon ta ciki, fanka tana ta juya mini zafi a ka. Sau uku ana ƙwanƙwasawa. Masu hoton fasfo ne, na san bugunsu, bugun wanda ofis ke jira. Ana neman aiki, ana neman biza, duniya ko tuntuɓe ba ta yi ba. Wani har yana ce wa ɗan'uwansa, mai hoton yana ciki ai, ba ka jin fanka? Ina ciki mana. Ina zan je?

Kwana tara ke nan. Babbar tasha, takwas saura ashirin na safe, lokacin da babu masaka tsinke, bam ya tashi. Mutum ɗari da sha huɗu. Ke kina taga ta uku kina yagar tikiti, cikin rigar aikin nan mai ruwan toka da kike cewa tana mai da ke buhun siminti. Ɗari da sha huɗu — har lambar ta zama ado, ana buga ta a riguna. Jiya na ga wani saurayi sanye da ita a bakin shingen tashar, yana ɗaukar kansa hoto, yana karkata kai, yana tsuke baki. Sai da na tofar da yawu. Kuma wallahi inda ya tsaya hasken bai yi ba, ya ba rana baya, fuskarsa baƙi za ta fito… kin ga irin halin ubanki? Ina tsaye inda kika mutu, ina gyara wa sakarai haske a zuciyata.

Shi kuma wancan — ba na kiran sunansa, ko a raina. Da katin ma'aikata ya shiga, na jabu, ta ƙofar baya, da jaka a kafaɗa. Katin bai ƙone ba. Mutane sun ƙone, kujerun ƙarfe sun narke, ɗan roban nan da bai kai tafin hannu ba ya tsira, har aka nuna shi a talabijin. Fuska sumul, kafaɗu a miƙe, haɓa a ɗan sunkuye yadda nake sa kowa ya yi. A bayansa labule shuɗi. A sama, ta dama, ɗan ƙunar dutsen guga. Ke kika ƙona shi, kina shekara sha biyu, wai za ki taya Baba aiki, kika tsaya kallon mage ta taga. Duk wani tabo da ya shigo shagon nan ina goge shi, wannan ne kaɗai nake bari, don naki ne. Ga labulen nan a bayana yanzu. Tun safe na kasa juyawa in kalle shi.

Mamanki ce ta fara gane labulen. Ta ajiye kofin da ke hannunta a hankali, ta juyo ta dube ni. Kawunki kuwa miƙewa ya yi tsaye.

'Yan sanda sun zo. Hoton fasfon suke so, da ranar da aka ɗauka. Na ba su. Ba su tambaya ko shi kaɗai ya zo ba, ni ma ban faɗa ba. Sai a kwana na uku, falo cike da masu ta'aziyya — wasu kuka, wasu hira ƙasa-ƙasa kan tsadar haya, wata tana tambayar inda mamanki ta sayi labulen falo — kuka ya ci ƙarfina, na buɗe bakin nan nawa da ba ya rufuwa. Har uwarsa ya kawo mini, na ce, har ƙanwarsa, na zaunar da su a kujerata, na ba su ruwa mai sanyi, na yi musu hoton iyali… Kawunki yana gefena. Na dai lura ya daina kuka.

Gidansu tuni aka banka masa wuta, babu kowa ciki, tun ranar suka gudu. Wai suna cikin danginsu a unguwar bayan gada, wai ɓoye su ake yi. A nan kuwa ba wanda ya san fuskar tsohuwar. Ni kaɗai, ni da kwamfutar nan. Kwana shida ke nan kawunki yana yankan rodi a shagonsa, ba ƙofa yake yi ba, ba taga ba, daga nan ina jin kukan injin, ya yi shiru, ya sake… Su goma ne, shi da mutanensa. Shi ya sa kwafi goma. Kowa da nasa a aljihun gaba, kamar masu zuwa ganin amarya.

“Ita ta haife shi,” in ji kawunki. “Ita ta shayar da shi. Ba yadda za a yi ba ta sani ba.” Ta sani? Ni da na gyara masa kwalar riga da hannuna, na ce ɗan ɗaga kai kaɗan, ɗana — ɗana na ce masa, Auta! — na sani?

Kada ki ɗauka ubanki waliyyi ne. Ina so. Wallahi ina so wani ya ji abin da nake ji. Ina so ta tsaya inda na tsaya. Asibiti ya cika, a zauren wasanni aka jera ku, a kan layukan fenti na ƙwallo, kowa da lamba a babban yatsan ƙafa. Warin nan… har yau in na sa abu a baki shi nake ji. Wata ma'aikaciya da takunkumi a hanci ta ce in kawo hoto. Na zaro wanda ke cikin walat ɗina. Ta duba hoton, ta ɗaga zanen, ta sake duba hoton.

“Ba ita ba ce, Baba. Wannan tana da tabo a gira.”

Na ce ita ce.

“Baba, ka duba da kyau, ta hoton nan ba ta da tabo.”

Na ce ita ce, ni na goge.

Ta kalle ni ta saman takunkumin. Ba ta gane ba. Me za ta gane? Wane irin uba ne zai… Rabin fuskar babu abin da za a gane a ciki, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Girar hagun ce ta rage, da tabon. Da shi na san ki. Da abin da na shekara goma sha tara ina sharewa.

Kina shekara huɗu, nan cikin shagon, ƙarfen fitila ya faɗo miki. Ni na bar shi a karkace, ina sauri, ana jira na. Ɗinki huɗu. Na ɗauke ki a kafaɗa ina gudu, jini yana bin wuyana, ke kuma takalminki guda da ya faɗi kike wa kuka. Tun daga ranar duk hoton da na yi miki sai na bi ta kan girar nan. Na makaranta, na kammala karatu, na katin aiki. Ba na ma tunani, hannun ne yake yi.

Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'ar. Da can da fensir mai tsini a kan fim, ido ɗaya a rufe, yanzu da kwamfuta. Ƙuraje, tabo, tamoji, hakiya, haƙorin da ya karkace… ba sai an roƙe ni ba. In na gama kuma sai in danne na asalin da wanda na gyara, don kada mai hoto ya leƙo ya ga yadda Allah ya yi shi ya ji haushina. Ana ta yabona. Mai hoton nan hannunsa da albarka, ko biri ya shiga shagonsa ango zai fito. Ni kuma ina ta washe baki kamar gonar auduga. Tir da hannun nan. Tir!

Kin sha faɗa mini. Ki ɗaga hoton, ki nisanta shi da fuska, ki ce, “Baba, wace ce wannan kyakkyawar? Ka gabatar da mu mana.” Ki ce ke kina son tabonki, da shi kike tsorata fasinjoji masu tsallake layi. Na ce miji ba ya son tabo. Miji! Ina mijin yake? Ina…

Sai ga manyan gari, da motoci uku, da turare mai hawa ka. Wai ƙaton ƙyalle suke so a bangon tasha, fuskoki ɗari da sha huɗu, kuma wa ya fi cancanta da aikin in ba ɗaya daga cikin iyaye ba? Da na kore su. Ban kore su ba, na ma goge musu kujera. Iyalai suka yi ta kawo hotuna, kowa da ɗan roƙonsa: a ɗan gyara shi, mai hoto, a ɗan haska ta, ka cire masa furfurar nan. Na gyara. Kwana biyu ban ɗaga kai ba. Da aka rataya, na tsaya daga nesa na duba — fata ɗaya, haske ɗaya, goshi ɗaya mai sheƙi, kamar tallan man shafawa. Dako, da malamar makaranta, da mai shara, da tsohon da ke gyaran agogo a bakin ƙofa mai ido ɗaya… na ba shi ido biyu, Auta. Ya mutu da ɗaya, na rataye shi da biyu.

Babban cikin manyan garin ya tsaya a ƙarƙashin ƙyallen ya ce za mu rama, jininsu ba zai tafi a banza ba. Ya zaro hankici ya dangwali ido. Mai kyamarar talabijin ya ɗaga hannu, bai samu ba, a sake. Ya sake. Ya sake dangwalar busasshen ido, ya ma fi na farko kyau. Wasu ba su lura ba, ni kuwa sana'ata ce. Washegari jiragen yaƙi suka tashi, aka nuna hayaƙi daga sama, wasu rufin gidaje ƙanana kamar akwatin ashana, babu fuska ko ɗaya. A shagon aski ana tafi, ana kabbara, ana cewa a ƙara musu. Su wa? Wa ya ga wanda ke ƙarƙashin rufin? Kawunki ya ce jirgi ba ya sanyaya zuciya, shi da hannunsa yake so.

Mamanki sau biyu ta wuce ki a jikin ƙyallen. Tana bin layi-layi da yatsa, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Ni na nuna mata: ga ta nan, layi na biyar. Ta daɗe tana kallo. Sai da muka koma gida, tana ninke kayanki, ba ta ko ɗago ba ta ce, “Ba ka da ko guda ɗaya mai tabon?”

Na duba. Wallahi na duba. Albam bakwai, akwatin ƙarƙashin gado, kwamfutar nan tun daga farko har ƙarshe. Wayarki ta tafi tare da ke. Ƙawayenki sun turo nasu, su kuma wayoyin yanzu da kansu suke lashe fuska, sun fi ni mugunta. 'Yar mai hoto, shekara ashirin da uku, hotuna sun fi dubu… babu ke a ciki ko sau ɗaya. Tun ranar mamanki ba ta sake tambaya ba. Da ta zage ni ma da ya fi.

Ɗaya saura kwata. Injin kawunki ya yi shiru. Shirun ya fi ƙarar tayar mini da hankali.

To ga shi na buɗe. Ga hoton iyalin a gabana, wanda na gyara. Shi a tsaye a baya, hannu a ƙirji. Ƙanwar a dama. Tsohuwar a tsakiya, a kan kujerata mai hannu. Dubi abin da na yi mata… Tana da hakiya a idon hagu, na share, na kwafo na daman na juya shi na liƙa. Tana da tawadar Allah a kunci, babba, kamar an ɗiga shayi a zane — babu. Tamojin goshi, babu. Na cike mata kumatu, na haska ta. Da ta karɓa ta yi ta juya shi tana dariya, wai ta koma budurwa, ta yi ta sa mini albarka. Albarkarta na karɓa, Auta, na ce amin da hannu biyu.

Wace ce wannan matar? Kowa ce. Duk macen da ta haura arba'in ta yafa mayafi mai ruwan ƙasa, ita ce. Mai sayar da gawayi a gindin gada ita ce. Ungozomar da ta karɓi haihuwarki, can take zaune, ita ce. Matar da ke kawo mana wanki… Mutum goma, da rodi, da rana tsaka, jini ya hau ka, kowa ya zaro hoto ya duba sau ɗaya yana gudu — wa zai tsaya gwada hanci da hanci? Ta farkon da ta buɗe ƙofa za su ce ga ta. A layi na gaba wani ya ce a'a, ga ta nan. Goma za su samu. Kowa zai samu tasa, kuma kowa zai rantse bai yi kuskure ba, ga shaida a aljihu, aikin mai hoto mai hannun albarka.

Sai na asalin…

E, akwai. Wannan kam akwai, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Naki babu, nata akwai. A makon ne memorin kyamarar ya fara gardama, na kwafe aikin ranar na cire shi na jefa cikin aljihun teburi, cikin matattun batura da robobin ɗaure takarda. Tun ƙarfe goma na tono shi. Ga shi nan kusa da kofin shayi, ɗan abu kamar farce. In na buga na cikinsa, ba za su ɓata ba. Hakiya a hagu, tawada a kunci, mace ɗaya ce a duk bayan gada. Ita kaɗai za su… Kin ji tunanin da ubanki yake yi da tsakar rana? Wai tausayi shi ne in ba su na gaskiyar. In nuna ta da yatsa sosai-sosai don a bar sauran. Ashe har kisa akwai mai tsafta?

In ce ya goge, babu? Na gwada da safe, na fara in-ina. Kawunki ya dube ni da jajayen idanun nan ya ce, “In babu hoto, Yaya, layin gaba ɗaya za mu bi.” Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙara da cewa, “Mutane fa suna magana.” Na san suna yi. Mai hoton da ya yi masa kati. Shekaranjiya na tarar an shafa mini ƙazanta a jikin kwaɗon ƙofa, da hannuna na wanke. Maƙwabcina mai gyaran waya, da muke shan shayi tare shekara takwas, yanzu in ya hango ni sai ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin teburi. In kira 'yan sanda? Biyu daga cikin goman ƙannensu ne. Wani ɗan sandan ma ɗansa na jikin ƙyallen, layi na biyu, na cire masa ƙurajen goshi.

Kuma kawunki… shi ya koya miki keke. Shi ya ƙera miki ɗan gadon ƙarfen nan mai fure. A zauren wasannin shi ya riƙe ni. Ina ƙyamarsa yau, ina ƙyamar warin hannunsa, ina ƙyamar yadda yake cewa “'yarmu” yana lasar leɓe — amma shi aƙalla yana yin wani abu. Ni me nake yi? Ina zaune da fanka.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ko mamanki. Ke kin sani, kina wurin.

Ranar da suka zo ɗaukar hoton, ranar hutunki ce, kin biyo ki karɓi makullin gida. Tsohuwar nan ta ba ni wahala, duk walƙiyar fitila sai ta runtse ido. In ɗauka, in duba, in goge. In ɗauka, in goge. Ni kuma ka'idata ce, in mutum ya ƙi sakin jiki sai in ja shi da hira. Hira, hira, bakin nan… 'Yata ce wannan, Hajiya, autata, a babbar tasha take aiki. Ai su ma'aikata sun huta, ta ƙofar baya suke shiga, ba layi, ba bincike, kati kawai za ka ɗaga daga nesa, mai gadin ko kallo ba ya yi. Ina faɗa ina alfahari. Kika ce, “Kai Baba, ka cika surutu.” Shi kuma daga bayan kujerar ya yi ɗan murmushi ya ce, “Allah sarki. Ai sun ji daɗi.”

Sai da aka gama na iyalin, har sun miƙe, har ƙanwar ta ɗauki jaka, ya juyo ya ce, “Baba, a yi mini na fasfo ma.”

Bayan hirar, Auta. Ba kafin ba. Kwana tara ina juya shi, ko zan iya mai da shi kafin… ba ya komawa. Wataƙila ya riga ya sani. Wataƙila wata shida suna kallon ƙofar nan. Wataƙila duk garin nan kowa ya san mai gadin ba ya duba kati. Wataƙila, wataƙila — in na ba da tsohuwar, ai an samu mai laifi, ko ba haka ba? An samu cikin da ya ɗauke shi, an huta. Ba wanda zai sake tambayar wa ya nuna masa ƙofa. Shi ya sa nake so. Ba don ke ba. Kin ji? Ba don ke ba ne, don in samu in yi barci ne. Ba na ko son kallon hannuna a kan teburin nan.

Ɗaya da rabi. Na kunna na'urar bugawa, ban san lokacin da na kunna ba. Ta gama ɗumi, koren idonta yana kallona. Takardu masu sheƙi, manya, guda goma, na jera su. Hannun nan ba ya shawara da ni.

Bari dai in gani. Gani kawai. Ɗan memorin yana ƙin shiga… ya shiga. Yana juyawa, yana juyawa. Da ma ya mutu. Ya Allah, da ma ya mutu gaba ɗaya, in ce wa kawunki ga shi ka gwada da kanka —

Ya buɗe.

Guda ɗaya ne na iyalin, sauran tun a kyamara na goge su. Wanda ta buɗe ido kaɗai na bari. Ga hakiyar. Ga tawadar. Ga bakinta a buɗe tana dariya, haƙora uku babu, kuma ba ni take kallo ba, gefe take kallo, hagu, sama kaɗan, wurin…

Auta.

Auta, ke ce.

Kin shigo ta gefen hoton, rabin jiki, makullin gida a yatsa. Kin sunkuyo kanta. Hannunki a kafaɗarta. Na tuna, na tuna yanzu — da na gaji na ce zo ki taimake ni, kika zo kika raɗa mata wani abu a kunne, ta fashe da dariya ta manta da fitilar, na danna. Me kika ce mata? Ban tambaya ba. Na zauna da yamma na ja layi na yanke ki, kamar yadda nake yanke ƙafar fitila ko gefen fanka in sun shigo hoto. 'Yan yatsunki huɗu da suka rage a kafaɗarta na shafe su da launin mayafi. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba. Na manta ma na yi.

Ga gumin hancinki. Ga ɗan ƙurjin haɓa da kike ta mita a kansa a makon. Ga haƙorin nan na gefe da ya hau kan ɗan'uwansa. Ga girar… ga shi nan, fari, a karkace, ya raba gashin biyu. Babu wanda ya taɓa shi. Ke ce, yadda mamanki ta haife ki, yadda ƙarfen fitilata ya bar ki. Guda ɗaya a duniya, kuma a nan kika zaɓi ki tsaya — kanki a jikin kan uwarsa, shi yana bayanku da hannu a ƙirji.

In kai wa mamanki wannan? In ce ga mai tabon, amma kada ki dubi sauran? In ba kawunki haka yadda yake, kwafi goma, kowa ya sa ki a aljihu ya tsallaka gada da ke? Ko zai ga hannun nan a kafaɗarta ya ajiye rodin? Ko cewa zai yi, ka gani, har taɓa ta ta yi, munafuka, ta san za a kashe yarinyar tana mata dariya? Na san shi. Ban san shi ba. Kwana tara ke nan ban san kowa ba.

Sai dai in yanke. In raba ku, ke gida, ita bayan gada. Ga 'yar kibiyar har ta kama kusurwa, layin ya fito da kansa, hannun nan ya san aikinsa… In na ja shi hagu, ya bi ta kan wuyan hannunki. In na ja shi dama, ya ɗauke mata kunci da tawadar, ta koma kowa. Kun manne. Babu ko tsinke tsakaninku.

Ana bugu. Ba bugun masu fasfo ba ne, wannan da gefen dunƙule ake yi. Akwai ƙafafu da yawa, akwai ƙarfe yana jan ƙasa. Biyu ba ta yi ba, saura minti goma sha ɗaya, ko haƙurin wannan ba su da shi.

“Yaya! Buɗe mana, mun san kana ciki.”

Ina zuwa… ina zuwa. Bari in ƙara girman wurin nan tukuna, girar kawai, ta cika fuskar kwamfutar. Na gaji, Auta, wallahi na gaji. Ɗaya, biyu, uku, huɗu…

Ashe ɗinkin biyar ne.